Awon Zaune

Ranar da na fara aiki ba ni kaɗai na je asibiti ba. Baba ne ya kai ni, kamar yarinyar da za a sa makarantar allo, alhali ina riƙe da takardar kammala karatun jinya, fararen kayana sun sha guga. Tun daga garinmu Gulma muka taso da rabin buhun shinkafa 'yar gida, da kwandon busasshen kifi, da albasa ƙulle cikin tsohon zane. A tashar Birnin Kebbi kabu-kabu biyu muka ɗauka, ɗaya ni da kifi, ɗaya Baba da shinkafa. Har yau in na tuna yadda na shiga ƙofar asibitin nan ina ƙarnin kifi sai kunya ta taso mini sabuwa.

Dalilin rakiyar shi ne Matiron, shugabar ma'aikatan jinya ta ɓangaren mata, 'yar garinmu ce. Mahaifinta, Allah ya jiƙansa, shi ya koya wa Baba karatu tun daga Fatiha har inda ya tsaya. A wurin Baba duk abin da ya fito daga gidan nan abin girmamawa ne, ko da kaza ce. Da muka isa ofishinta ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ta ce ya bar su, ya ƙi. Ta nuna masa kujera, ya zauna a ƙasa, dole ni ma na durƙusa a gefensa. Bayan doguwar gaisuwa ya nuna ni da hannu.

Ya ce, "Hajiya, ga ɗiyakki na kawo maki. Daga yau ba ni ad da ita ba, ke ad da ita. In ta yi ba daidai ba ki hore ta, ba sai kin tambaye ni ba. Amana ta."

Ta ce, "Na karɓa, Malam. Allah shi ba mu ikon riƙewa."

Ni kuwa baki har kunne, wai na yi uwa a birni. Daga ranar na fara kiran ta Mama. Ban san Baba ya ɗaure ni hannu da ƙafa ya miƙa mata bakin igiyar ba.

Aka sa ni a ɗakin masu ciki, ƙarƙashin wata babbar nas da kowa ke kira Anti, wadda ita ce hannun daman Matiron. Gadaje sun fi ƙarfin hannuwanmu, wannan gaskiya ce ba zan ɓoye ta ba. Abin awon jini guda ɗaya ne a ɗakin duka, shi ma robarsa ta fara tsagewa. Ƙa'idar aiki ita ce bayan kowace awa huɗu a auna jinin kowace mace da zafin jikinta, a rubuta a takardar da ke rataye a ƙarshen gadonta, wadda ta auna ta sa hannu. Da wannan takarda likita ke sanin halin da mace ta wuni a ciki, domin shi zagaye ɗaya yake yi ya wuce.

A satina na biyu na gane yadda ake cika takardun. Anti takan bi gadajen ta tattaro su duka, ta dawo tebur ta zauna, ga shayinta a gefe. Sai ta ɗaga kai ta dubi mace daga nesa, ta sunkuya ta rubuta: ɗari da ashirin bisa tamanin. Ta dubi ta gaba, ɗari da ashirin bisa tamanin. In ta gaji da wannan sai ta sauko ɗari da goma bisa saba'in, don kada a ce. A tsakaninsu suna kiran abin awon zaune, suna dariya. Wanda ya karanta takardun ɗakin nan zai rantse duk matan kwarin Rima jini ɗaya aka raba musu.

Na tambaye ta cikin ladabi, domin a lokacin ina da sauran ladabi. Ta dube ni ta saman tabarau.

Ta ce, "Ke sabon shiga, ido ba mudu ba na, amma ya san kima. Ran da nih hwara aikin ga ko yaye ki ba a yi ba."

Tun da na ɗauki alƙalami don in faɗi gaskiya, bari in faɗi tawa. Ni ma na yi awon zaune, sau biyu. Aiki ya yi yawa, ƙafafuna sun kumbura, Anti ta turo mini takardu ta ce in cika, na cika na sa hannu. A karo na biyu da na koma ɗakin da nake haya a Nasarawa na kasa cin abinci. Ina ta ganin fuskar wata mata da ta ce mini na gode, likita, alhali ko taɓa ta ban yi ba. Washegari na ɗauki abin awo na fara bin gado gado. Aikin da suke gamawa kafin shayi ya huce ni sai ya ci mini awa guda da rabi. Suka laƙa mini suna, Likitar Gulma, in na wuce su ce a ba likita hanya.

Da a nan abin ya tsaya da na jure, domin tsokana ba ta taɓa kashe kowa ba. To amma wata ranar Talata na karɓi aikin rana daga hannun Anti, na tarar da wata mata daga ƙauyukan fadama a gadon da ke jikin taga. Uwar 'ya'ya biyar ce, tafin hannunta duk ya tsattsage da dashen albasa, ƙafafunta da hannuwanta sun kumbura har zoben azurfar da ke yatsarta ya nutse. Ta ce mini kanta na sara, kuma tana ganin wasu abubuwa na walƙiya a idonta. Na duba takardarta: sau uku an rubuta ɗari da ashirin bisa tamanin, ga sa hannun Anti. Na ɗaura mata abin awo. Da na ga inda allurar ta tsaya na ce abin ne ya lalace, na sake a ɗaya hannun. Ban san lokacin da na fita da gudu ba, hulata ta faɗi a baranda ban tsaya ɗauka ba.

Likita ya zo, aka yi mata allurai, kafin la'asar an shiga da ita ɗakin tiyata. Allah ya tsare, ita da jaririyarta duk suka rayu. Amma kafin a fita da ita likitan ya cire takardar daga ƙarshen gado ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaya wa ya auna ta da safe. Anti ba ta riga ta tafi gida ba, tana zaune a tebur. Ta ce ita ce. Ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Yana fita ta juyo kaina. Ta ce, "To, Likitag Gulma, hankalinki ya kwanta? Kin tona muna asiri."

Ni Allah ya yi ni da baki. Na ce, "Anti, ni ban tona asirin kowa ba. Amma wallahi kujerag ga ta hi ki aiki, don ita ko ba komai tana ɗauke da ke."

A gaban marasa lafiya na faɗa, da masu jinyarsu. Wata tsohuwa ta tuntsire da dariya, sauran suka kama. Na yi gaskiya a kan awo, amma wannan maganar rashin kunya ce, kuma na sani tun kafin ta gama fita daga bakina. Dariyar nan ita na biya wata huɗu.

Gaisuwa aka fara ɗaukewa. In shigo da safe in yi sallama, mutum biyar na zaune, babu mai amsawa, sai dai a ci gaba da hira kamar iska ce ta turo ƙofa. Wanda bai taɓa shiga wannan hali ba zai ce ƙaramin abu ne. Mu da muka tashi a inda ake tsayawa a gaida mutum har a tambayi awakinsa, mun san ciwonsa. Da rana mukan haɗa abincin da kowa ta kawo a faranti ɗaya mu ci tare. Ranar da na kawo dafa-duka da kifi na zuba a gefen farantin, ɗaya bayan ɗaya suka tsame hannu, kowa ta tuna ta ƙoshi. Daga nan na koma ci ni kaɗai a ɗakin ajiyar zannuwan gado.

Sai jadawalin aiki ya biyo baya. Duk Juma'a ni, duk ranar hutu ni, Sallah ƙarama ma a asibiti na yi ta. Takardar neman hutuna ta ɓace sau biyu a ofishin Matiron. Abin awon jinin aka kulle a kabad, mabuɗin yana jakar Anti, in na tambaya ta ce ba ta san inda ta sa shi ba. Matiron kuwa ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ita ba ta aiki da hayaniya. Sai ta jira ɗaliban jinya sun cika ɗaki, ta ɗago hannuna ta dubi faratana, ta ce a hankali, 'ya'yan masunta sai an yi haƙuri da su. Na yi kuka a banɗakin asibitin nan har na san yawan tsagar da ke jikin bangonsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Matiron ta iya aiki. Na ga ta samo jijiya a hannun jaririn da kowa ya kasa, kuma rabin abin da na iya yau a wurinta na ɗauka.

Mutum ɗaya ce ba ta daina amsa gaisuwata ba, wata nas Bayarabiya da aka haifa a Birnin Kebbi, mahaifiyarta na sayar da atamfa a kasuwa. Hausarta ta fi tawa kaifi. Ita ta kawo mini nata abin awon daga gida, ta ce in riƙe a jakata kada in ajiye a ɗaki.

Ana cikin haka hukumar asibiti ta nemi bayani a rubuce kan takardar da likita ya ɗauka. Matiron ta kira ni ofis, ta turo mini wata takarda da aka riga aka buga. An rubuta cewa ni da idona na ga Anti ta auna matar lokacin miƙa aiki, jininta lafiya lau, daga baya ne ya hau farat ɗaya. Sa hannuna kawai ya rage.

Na ce, "Mama, ban gani ba."

Ta ce, "Ban tambaye ki abin da kig gani ba. Ni nic ce ki sa hannu. Mi ubanki yac ce ran da yak kawo ki?"

Na ce ta yi haƙuri. Ta mayar da takardar cikin aljihun tebur, ta ce in je.

Na ba abokiyata Bayarabiya labari a bakin famfo muna wanke hannu. Ta girgiza kai. Ta ce, "Ke matsalakki ba Matiron ba ta. Ni in ta matsa man sai in rubuta takarda in kai sama. Ke ko kin rubuta, Gulma za a kai ƙarakki. Igiyakki can take."

Ba a yi kwana uku ba Baba ya kira ni a waya. Bai amsa gaisuwata ba shi ma. Ya ce duk ranar da na samu hutu in zo gida.

Lokacin yankan shinkafa ne. Na iso Gulma da hantsi, na tarar gidan duk ƙaiƙayi, Inna na shiƙa a tsakar gida. Ta ja ni ɗaki ta ce Matiron ta yi wa Baba waya, ta ce 'yarsa ta fi ƙarfinta, tana zagin manya a gaban jama'a, an ba ta umarni ta ƙi. Inna ta ce kwana biyu bai ci abincin kirki ba. Ta ce, "Ɗiyata, durƙusa ma wada ba gajiyawa ba na. Yi abin da anka ce, ki tashi da tsawonki."

Bayan azahar ya dawo daga fadama, ya zauna a kan tabarma a zaure yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Na durƙusa. Na fara bayani ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Ban kira ki shari'a ba. Ni nib ba da ke da bakina, gaban ɗiyam malamina. Bin na gaba bin Allah na. Ki koma ki yi abin da tac ce. In ba ki bi ta ba, ba ki bi ni ba, kuma kada ki zo neman albarka wurina."

Ban taɓa jin magana mai nauyin wannan ba. Baba bai taɓa duka na ba tun da aka haife ni. Shi ya tsaya na yi karatu lokacin da 'yan'uwansa ke cewa ɓata lokaci ne. Kullum in zan fita sai ya ce Allah shi yi maki albarka, kuma da wannan nake shiga ɗakin masu ciki ba tare da tsoro ba. Yanzu an ajiye mini biyu an ce in ɗauki ɗaya, albarkarsa ko hannuna. Na yi shawarar ajiye aikin gaba ɗaya, sai na ga ko na ajiye ban bi ta ba, ban tsira ba. Wunin ranar ina taya Inna shiƙa ina nazari. Na gane Baba bai san abin da ake nufi da takarda ba. A wurinsa rigimar 'yan boko ce a kan rubutu, kuma babu rubutun da ya kai a saɓa wa babba. In na tsaya yi masa bayani ba zai saurara ba. Amma na tuna Inna ta ce yana yawan kukan ciwon kai.

Da safe na shirya komawa, na same shi a zaure. Na ce, "Baba, Inna ta ce kanka na ciwo. Bari in auna ka kahin in tahi."

Ya ce to. Ya ajiye komar, ya fara naɗe hannun rigarsa. Na zauna a bakin ƙofa, nesa da shi. Na fito da takarda da biro, jakar abin awo na rufe a gefena. Na ɗaga kai na dube shi, na sunkuya na rubuta, na sa hannu. Ban taɓa yi wa mahaifina irin wannan ba.

Na ce, "Lahiyakka lau, Baba. Ɗari da ashirin bisa tamanin."

Ya tsaya da hannun riga a naɗe. Ya ce, "Yo ba ki ɗaura man abin ba."

Na ce, "Ba sai na ɗaura ba. Ido ya san kima."

Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Ke, wasa kike da ni?"

Na ce, "Wallahi ba wasa ba na, Baba. Hakan ga anka yi ma wata mata sau ukku, saura kaɗan ta mutu da ɗiya cikinta. Takardad da Mama ta ce in sa ma hannu, shaida ta cewa na ga an auna ta. Ni ko ban gani ba."

Kaji na ta tsattsagar ƙaiƙayi a ƙofar zaure, wani mai jaki ya wuce ya yi sallama, Baba bai amsa ba. Can ya miƙo hannun. Ya ce, "Ɗaura man."

Na matso na ɗaura. Jininsa ya hau, ba sosai ba, amma ya wuce inda ya kamata. Na gaya masa lambar, ya maimaita ta a hankali. Ya ce ashe ba ɗari da ashirin ba. Sannan ya sauke hannun rigarsa ya tambaye ni ko gaskiya ne na zagi babba a gaban mutane. Na ce gaskiya ne. Ya ce in gaya masa abin da na ce. Na faɗa masa maganar kujera. Na rantse na ga gefen bakinsa ya motsa, amma ya haɗe fuska.

Ya ce, "Wanga rashin kunya na, kuma ba gidan ga kik koye shi ba. Ki tai ki ba da haƙuri."

Na ce, "Takardah hwa?"

Ya ɗauki komarsa ya ci gaba da ɗinki. Na yi masa sallama ya ce a sauka lafiya, bai sa mini albarka ba. Tun daga Gulma har Argungu, daga Argungu har Birnin Kebbi, kuka nake a mota, wata mata na ta ba ni haƙuri tana zaton rasuwa aka yi mini.

A hanya na yanke shawara. Washegari na sami Anti a tebur, a ɗakin da na yi mata rashin kunya, ga marasa lafiya ga masu jinya. Na durƙusa har ƙasa na ce ta yafe mini, bakina ya yi laifi. Ta kau da kai, amma na faɗa kuma kowa ya ji. Daga nan na wuce ofishin Matiron na sake durƙusawa. Ta ji ni har ƙarshe, ta buɗe aljihun tebur ta turo takardar. Na ce mata duk aikin da ta sa ni zan yi, ko wankin banɗaki ne, ko a hana ni hutu shekara guda, amma wannan ba zan sa hannu ba. Ta ce ta ba ni zuwa Litinin, in ban sa ba za ta sake kiran ubana, sai in zaɓa ko ina da gida ko ba ni da shi. Na fito raina a tsaye yake. Na riga na san Litinin ma amsar ɗaya ce.

Ranar Litinin da hantsi ina bin gadaje da abin awo aka ce Matiron na kira. Ina isa na ga takalman Baba a bakin ƙofa. Na shiga na tarar da shi zaune a ƙasa, ga kwandon kifi, ga shinkafa, ga albasa cikin zane, komai kamar ranar farko. Na ce a raina shi ke nan, ya zo ya sake ɗaure igiyar. Matiron ma haka ta ɗauka, domin takardar na kan tebur, ta ɗora biro a kanta.

Baba ya yi gaisuwa doguwa, ya yi wa mahaifinta addu'a, ya gode mata da riƙon da ta yi mini, ya ba ta haƙuri a kan bakina. Sannan ya gyara zama.

Ya ce, "Hajiya, na zo in karɓi ajiyata. Ran da nik kawo ta na ce ke ad da ita, to na ɗora maki nauyin da ba naki ba. Ga aiki kina gaba da ita, ki sa ta, ki hana ta, wanga tsakaninku na da hukuma. Amma ɗiya tawa ta. Kuma ban ba kowa ita don ta yi shaidaz zur ba, ko ni kaina."

Matiron ta ce, "Malam, haka za ka yi man?"

Ya ce, "Ki yahe man, Hajiya. Da malam na da rai, abin da za shi ce in yi ke nan."

Na ga yadda maganar ke yi masa wuya. Gumi na zuba daga ƙarƙashin hularsa, idonsa na ƙasa. Mutumin da ko kazar gidan malaminsa ba ya kora, yau ya ce wa 'yar malamin a'a saboda ni.

Ban sa hannu ba. Abin da na gani na rubuta na kai. Aka ja wa Anti kunne, ba a kori kowa ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce awon zaune ya mutu a ɗakin nan ba. Bayan wata biyu takardar canjin wurin aiki ta fito, aka tura ni Argungu, wai horo. A can nake har yau, kuma duk sabuwar nas da ta zo hannuna abu na farko da nake miƙa mata shi ne abin awo. Matiron ba ta sake yi mini magana ba, Baba kuma bai sake shiga gidan malaminsa da sakin fuska irin ta da ba. Wannan asarar tasa ce, ni na jawo masa, kuma bai taɓa yi mini gori ba.

Ranar Litinin ɗin na raka shi bakin ƙofar asibiti don in tsayar masa da kabu-kabu. Akwai wani benci a gindin dogon yaro inda masu jinya ke zama, ya ce in dakata, ya zauna. Na zaci jiri ne ya ɗebe shi. Sai na ga yana naɗe hannun rigarsa.

Ya ce, "Ɗaura man kahin in tahi."

Na durƙusa a gabansa na ɗaura. Ina matsa robar ina kallon allura, hawaye ya hana ni gani, sai da na goge ido da gefen hijabi na sake daga farko. Bai ce in yi sauri ba. Da na gama na gaya masa lambar, ya gyaɗa kai, ya ɗora ɗaya hannun a kaina.

Ya ce, "Allah shi yi maki albarka. Koma wurin aikinki, mata na jiran ki."